Sallama a Bakin Ɗakin Jarrabawa

Na daɗe ina koyarwa a lakwal ɗin unguwarmu a Matamaye a matsayin 'yar kwantiragi. Wanda bai san kalmar ba, ma'anarta malamar aro: ki shiga aji kamar kowa, ki sha ƙurar alli kamar kowa, amma duk lokacin da aka tafi dogon hutu sai kin zauna jiran ko za a ce ki dawo. Cikin yaran da na koya wa baƙi akwai waɗanda suka girma suka samu matirkil, lambar nan da ke mayar da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati, suna gamuwa da ni a hanya su rusuna su ce, "Madam, ina wuni." Ladabin nasu yakan yi mini ciwo, ko da yake ba su da laifin komai.

Ƙofa ɗaya ce ta rage mini, jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta masu babban diflom. Ni kuwa karatuna na jami'a a Damagaram a tsakiya ya tsaya, aure da goyo suka sha gabansa. Ƙofar kuma tana da iyakar shekaru, wanda ya haura ba a ko karɓar takardunsa, kuma saura ƙiris nawa su kai. Komawa Damagaram ba ta taso ba. Mijina ɗan ci-rani ne, da an gama girbi yake tsallaka iyaka ya tafi Kano sayar da shayi, sai hadari ya fara haɗuwa yake dawowa, gida da yara duk a wuyana suke.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wata jami'a a wata ƙasa mai nisa da ke koyarwa ta intanet. Kina ɗakinki malami yana nasa, a yi darasi, a yi jarrabawa, a ba ki diflom ba ki taɓa ganin ƙofar makarantar ba. Na yi rajista. Na sayi tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a hannun wani ɗan kasuwa da ya yi ta rantse mini cewa wani likita ne ya yi amfani da ita, kamar dai likitancin zai biyo ta gidana. A tallarsu sun ce karatun zai same ka duk inda kake. Na yarda yana fitowa nemanka, amma in ya iso Matamaye yakan ɓata hanya. A gidanmu rezo, wato layin sadarwa, ba ya sauka sai a gindin rumbu, nan ma sai an lallaɓa shi. Na sha zama bayan la'asar ina kallon 'yar da'irar nan tana juyawa a allo, malami ya buɗe baki ya daskare, har a kira magariba bai rufe ba. Akwai darasi guda a kan yadda karatun nesa ke kai ilimi ga mutanen karkara, an ce ya yi kyau ƙwarai. Shi ne ban taɓa samun saukewa ba.

Abokan karatuna ban san fuskar ko ɗaya ba, sai sunaye a dandalin da muke rubuta wa juna. Yawancinsu a manyan birane suke. Wani ya yi kukan maƙwabcinsa na gini ya hana shi sauraron darasi, wata ta ce na'urar sanyaya ɗakinta ta lalace. Ni ranar akuya ce ta tauna mini wayar caji. Na rubuta na goge, na ce wa zai gane wannan, sai na rubuta cewa ina da matsalar kayan aiki. An ce karatu farkonsa maɗaci ƙarshensa zuma, to ni maɗacin na sha shi har ya zame mini shayin safe. Duk da haka na yi ta haye jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, ina ja da ƙyar kamar amalanke a yashi.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya yi bincike a kan wata sana'a da jama'a suka kafa da kansu don amfanin kansu. Ban yi nisa ba wajen nema. Bayan gidanmu akwai ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, kusan dukkansu matan 'yan ci-rani irina. A gidan Hajiya suke aiki, wata dattijuwa mai ƙarfin murya da mijinta ya rasu ya bar mata tsakar gida mai faɗi. Ita ce uwar ƙungiyar, ita ke raba aiki, ita ke raba faɗa. Ranar da na fara zuwa da tambayoyina ta dube ni sama da ƙasa.

"Madam, wane furoje ne ya aiko ki?"

"Ba furoje ba ne, Hajiya, karatu ne."

"To in sun tambaya ki ce musu injinmu ya tsufa."

"Ba wanda zai tambaya, Hajiya."

"Ke dai ki faɗa musu."

Sai da aka yi makonni ba su ga mota mai tambarin masu ba da tallafi ta tsaya a ƙofar gida ba sannan suka yarda ni ce dai maƙwabciyarsu, suka daina ce mini ba su da komai. Daga nan na zama 'yar gida. In na tashi daga lakwal can nake zuwa, in zauna kusa da kasko ana suyar gyaɗa, a murje ta a sheƙe, a kai inji a markaɗa, a zuba a turmi ana tuƙawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso ya kwanta a sama. Tunkuzar da ta rage a mulmula a soya. Ba a bar ni da biro a hannu kawai ba, Hajiya ta ce wanda zai rubuta tuƙi sai ya yi tuƙi, kuma kafaɗuna sun ba da shaida. Da ribar man suka sayi farantan sola suka kafa a kan wani ɗaki, mutanen unguwa na kawo salula caji, abin da aka samu a zuba a asusun ƙungiya.

Malamar da ke duba bincikena daga can jami'ar mace ce mai kirki, ban taɓa jin muryarta ba tare da yankewa ba. Ta karanta abin da na aika ta dawo mini da tambaya: idan mace ba ta zo aiki ranarta ba, wa ke hukunta ta, kuma da me? Ta ce littattafai sun nuna ƙungiyar da ba ta da hukunci ba ta daɗewa. Na kai wa Hajiya tambayar, ta ajiye muciya.

"Hukunci kuma? Wadda ba ta zo ba ai zuwa ake a ga ko lafiya."

Haka abin yake. Mai jego, mai jinya, mai zaman makoki, duk a yi mata aikinta a kai mata rabonta har ɗaki. Wadda lalaci ne ya hana ta, zuwa dubiyar ma ya ishe ta kunya, gobe ita ce ta farko a bakin kasko. A wurinmu ba a barin mutum shi kaɗai da abin da ya sha masa kai, ko ya so ko bai so ba. In za ka asibiti a raka ka, in za ka gaban alƙali a raka ka, ko haƙori za a cire maka sai ka tarar da mutum a benci yana jiranka. Na rubuta babi guda a kan wannan. Malamata ta ce shi ne mafi kyawun abin da na rubuta, in na haye jarrabawar ƙarshe za ta so in gabatar da shi gaban sauran malamai. Na karanta saƙon nata a gindin rumbu, na sake karantawa, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da na fara karatun.

Jarrabawar ƙarshen nan ita ce ta tsaya mini a wuya. Makarantar tana ba ɗalibi zama biyu ne kacal a kowace takarda. Zama na farko ya faɗo a shekarar da aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga ƙetare ta ɗauke, garin ya koma zaman jiran kuran, wato lantarki. Ina tsakiyar amsa tambaya batirin ordinatar ya mutu, aka ce ban kammala ba. Saura zama ɗaya. In shi ma ya tafi, sai a soke sunana in faro daga tushe, kuma kafin in sake kaiwa nan shekaruna sun haura, diflom ɗin ya zama na ratayewa a bango.

Dokokin zaman a rubuce suke, kuma ba su da wasa. Kafin a fara sai kin zagaya da kamara kin nuna kowane lungu na ɗaki a ga ba kowa. Fuskarki ba za ta bar allo ba. Ba za ki yi magana da kowa ba, ba wanda zai shigo. Akwai na'ura mai sauraro, akwai kuma wani mai tsaro a can wata duniya yana kallon ɗalibai da yawa a lokaci guda. Na fassara wa Hajiya dokokin ɗaya bayan ɗaya, domin ita ce ta ce in zo in yi a ɗakin sola, inda wuta ba ta yankewa kuma rezo ya fi sauka.

"Wato su kulle ki ke kaɗai su yi ta tambayarki, ba mai ce miki sannu?"

"Haka dokar take."

"Allah Ya kyauta. Mutanen nan ba su da dangi ne?"

Ta tara matan ta ce ranar ba inji, ba daka, ba kasko, alhali washegari kasuwa ce kuma sun san abin da za su rasa. Na ce to kowa ta zauna gidanta, ta ce wannan kam ban isa ba.

"Ba mu shiga, mun ji. Amma mu watse mu bar ki a gida kamar mayya? A tabarma za mu zauna, ko tari ba mai yi."

Na roƙi a rufe ni da kwaɗo ta waje, don ƙyauren ba shi da sakata ta ciki, ɗakin ajiya ne asalinsa. Ta ƙi. Ta ce ba a kulle mai rai a ɗakin da batura suke, in wuta ta tashi fa? Ita da kanta za ta zauna a bakin ƙofa, ta ga wanda zai wuce ta.

Mahaifina yana ƙauyenmu, gaba da Kurni, yana da garkar rake a fadama ko da yake yanzu jikoki ke nome ta. Shi ya sa ni lakwal lokacin da mutanen garin ke ganin ɓata 'ya ne. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Tsufa ya kama shi, idonsa ya yi yana, kunnensa ya yi nauyi, in za ka yi masa magana sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren gona. Ban gaya masa ranar jarrabawar ba, don kada ya wahalar da kansa. Mijina ne daga Kano, da kyakkyawar niyya, ya kira wayar wani maƙwabcinsa ya ce a shaida wa Baba ya sa ni a addu'a, gobe za a sa ni a ɗaki ni kaɗai wasu baƙi su gwada ni. Abin da Baba ya ɗauka a ciki shi ne 'yarsa za ta shiga gaban masu gwaji, mijinta yana wata ƙasa, ba namiji ko ɗaya daga gidansu da zai tsaya mata. Da aka idar da asuba ya sa aka nemo masa ɗan kabu-kabu mai babur. Duk wannan daga baya na ji shi.

Da hantsi na shiga ɗakin. An kwashe salulolin mutane, an share, an shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin kujera. Na zagaya da kamara na nuna bango da batura da buhunan gyaɗa, aka buɗe mini tambayoyi. Ban taɓa jin gidan Hajiya shiru haka ba. Mata sun cika tsakar gida amma kukan kurciya nake ji daga kan bishiyar maƙwabta. Har zakaran gidan an ɗauke shi an kai wani gida ya yini. Na duba tambayoyin gabana ya daina faɗuwa, domin babbar cikinsu a kan yadda ƙananan ƙungiyoyi ke riƙe mambobinsu ce, abin da na yi shekara ina tuƙawa a turmi. Na yi bisimilla na kama rubutu, yatsuna suna gudu, na wuce rabi har na fara hango ƙarshe.

Sai na ji babur ya tsaya a waje. Ban kula ba. Na ji sanda tana taɓa ƙasa, tana matsowa.

Abin da ya faru a tsakar gida Hajiya ce ta ba ni labarinsa. Da tsohon ya shigo, matan suka miƙe suka durƙusa suna gaishe shi da raɗa. Ya tambaya da ƙarfi ina Uwata take, ba wadda ta amsa. Idonsa na ganin inuwar abu in yana kusa, ya ga ƙofa ɗaya ce a rufe kuma ita aka kewaye, ya nufe ta. Hajiya ta sha gabansa tana ce masa, "Malam, a dakata, ba a shiga," da muryar da ko mai lafiyar kunne sai ya matso. In tana so ya ji sai ta yi ihu, ni kuwa na ce ko tari kada a yi. In tana so ta tsayar da shi sai ta riƙe masa riga, kuma ba macen da za ta kai hannu jikin uban wata, dattijo mai furfura, a gaban jama'a. Ta tsaya a gabansa, ya gaishe ta da kyau, ya tambaye ta iyali, ya kewaye ta.

"Salamu alaikum."

Muryar Baba ce, a bakin ƙyaure. Na sha tambayar kaina ko da na yi tunani da na yi shiru. Ban sani ba, don ban yi tunanin ba. Bakina ne ya amsa, "Amin, alaikumus salam," tun kafin kaina ya gama gane abin da ake ciki. Ƙyauren ya buɗe, haske ya shigo, kuma ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa ba. Tun ina yarinya ban taɓa gaishe shi a zaune a kan kujera yana tsaye ba, gwiwoyina ba su san wata doka ba bayan wannan.

Ya lalubo kaina ya ɗora hannu. Hannun na ɗauke da sanyin hanya.

"Uwata, ashe ke kaɗai suka bari? To ga ni na zo."

Ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Baba ba ya gajeriyar addu'a. Ya yi salati, ya roƙa mini buɗin ƙwaƙwalwa, ya roƙi Allah Ya sanya tausayina a zukatan masu gwajin, Ya sa su yi mini adalci, Ya ba su lada su ma. Ya ambaci mahaifiyata da ke ƙasa, ya ambaci tasa. Daga inda nake durƙushe ina hango allon ta gefen ido. Wani jan akwati ya fito a kai, da rubutu, yana ƙiftawa. Na san gargaɗi ne. Na san in na miƙe a lokacin na koma kujera wataƙila da sauran magana. Amma tafin hannuna a buɗe suke, ubana yana roƙa mini Allah a kaina, ban san yadda ake katse wannan ba, kuma har yau ban koya ba. Na yi ta cewa amin, hawaye na zuba, shi kuwa ya ɗauka na jin daɗin zuwansa ne.

Ya shafa, na shafa.

"To, ci gaba da abinki. Ina nan waje, ba inda za ni sai kin fito."

Ya ja ƙyauren a hankali don kada ya dame ni. Na koma kujera. Tambayoyin sun tafi, amsoshina sun tafi, sai layi ɗaya da ke cewa mai tsaro ya rufe zaman saboda saɓa doka. Na danna nan na danna can, ba abin da ya motsa.

Ban fita ba. In na fita a lokacin zai tambaya me ya sa aka gama da wuri. Na zauna gaban allon ina jin warin gyaɗa, ina jin shi a waje yana ba matan labarin hanya da babbar muryarsa, su kuma ba mai iya ce masa ya sassauta. Na zauna har lokacin da ya kamata a ce na gama ya cika, na goge fuska da bakin mayafi na buɗe ƙofa. Wata ƙaramar amarya a cikinsu ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta dubi fuskata sau ɗaya, ta ce da ita ya isa haka, a kawo wa baƙo fura. Baba ya sa aka kwance ɗaurin raken da ya zo da shi a bayan babur, ya zaɓo mai kauri da hannunsa ya ce wannan nawa ne. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Na rubuta wa makarantar. Na bayyana musu ko wane ne, da shekarunsa, da kunnensa, da cewa bai taɓa zama a aji ba balle ya san amsar tambayarsu. Malamata ta sa baki iyakar ƙarfinta. Amsar da ta zo cikin ladabi take, har da fatan alheri. Sun ce sun kalli hoton: wani mutum ya shigo, ɗaliba ta bar allo, an yi doguwar magana da harshen da ba wanda ya sani a cikinsu. Na ce zan fassara musu kalma da kalma. Suka ce ba a karɓar fassarar wanda ake tuhuma, kuma in suka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa sai sun ɗaga wa kowa. Ban ce sun yi ƙarya ba. Abin da suka gani ke nan.

Na yi fushi, kuma fushin ya rasa inda zai sauka. Na yi da makarantar, na yi da mijina har na daina ɗaukar wayarsa kwana da kwanaki, na yi da ƙyauren da ba shi da sakata. Akwai ranakun da na yi da Baba kansa, ina wanke-wanke ina faɗa da shi a zuci, ina ce masa wa ya aike ka, sannan kunya ta rufe ni in yi istigfari. Hajiya ta zo har gida ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, wannan murya tata duk ta mutu.

"Da na sani da na riƙe rigar nan, in ya so a yi ta yi da ni a gari har in mutu."

"Ba ki iyawa, Hajiya. Ni ma da na amsa ban iya yin shiru ba."

Ta ce to me za a gaya wa tsohon? Na ce ba abin da za a gaya masa, kuma duk wadda ta kai maganar nan ƙauyenmu ni da ita har abada. Sun riƙe. Matan da ba a ajiye zance a bakinsu ya kwana, wannan sun riƙe shi.

Lokacin ajiye takardun ɗaukar ma'aikata ya zo ya wuce, shekaruna suka haura. Binciken yana nan cikin ordinatar, babin da aka yaba da sauran, ba wanda ya saurare shi. Da aka koma lakwal an sake kirana, na koma ajina, 'yar kwantiragi. Ina zuwa gidan Hajiya har yanzu, sai dai ba da biro ba, an ba ni ranar tuƙina kamar kowa.

Bayan sallar layya na kai yara ƙauye gaida Baba. Na tarar da shi a gindin mangwaron bakin garka tare da tsofaffin garin, na durƙusa daga gefe na gaishe su. Da ya gane muryata fuskarsa ta washe, ya juya wajen abokansa ya ɗauko labarin da na fahimci sun sha ji. Ya ba su yadda aka sa 'yarsa a ɗaki ita kaɗai, da yadda ɗan kabu-kabun ya so ya tsaya gaida wani abokinsa a hanya, shi kuwa ya buga masa sanda a kafaɗa ya ce ba tsayawa.

"Da na biye masa da na tarar an gama. Takardar ce dai ba ta fito ba tukuna, kun san abin Turawa da nisa." Ya miƙo hannu wajen da yake jin ina nan. "Ko ba haka ba, Uwata? Na iso a kan lokaci ko?"

Na ce, "Ka iso, Baba."

Bai ji ba. Ya karkato kunne yana murmushi, tsofaffin duk suka zuba mini ido suna jira. Sai da na ɗaga murya na sake faɗa, yadda duk wanda ke wurin zai ji.